Shiga Daban, Cika Daban: Yaushe Ƙarni Yake Farawa, Yaushe Yake Ƙarewa?

Gabatarwa

A wani zaman karatu da muka yi na ƙungiya, wani matashi daga cikinmu ya karanto mana babin farko na littafin da yake rubutawa, labarin wani baraden Gobir da ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto. Labari ya yi armashi, kowa ya yi tsit yana saurare, har ya iso inda ya ce an gwabza wannan yaƙi ne a farkon ƙarni na 18, cikin shekarar 1804. Nan take wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, ƙarni na 19 dai." Yaro ya ce, "To Baba, ai ga 18 nan ƙiri-ƙiri a gaban lambar." Kafin a ankara musu ya bar kan littafi ya koma kan shekarar 2000. Wasu suka ce da ita aka buɗe sabon ƙarni, wasu suka ce waɗanda suka yi biki a daren 31 ga Disambar 1999 riga malam masallaci suka yi. Aka tashi ba wanda ya sallama wa wani.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan bi sawun maganar, domin kuwa marubuci ba ya rabuwa da ambaton zamani. Mai rubuta tarihi, da mai ƙagaggen labari, da mai sharhin waƙa, duk sai sun ce "a ƙarni kaza" ko "a shekarun kaza". Kuskuren lamba ɗaya a nan yana iya gusar da mutum shekara ɗari daga inda Allah ya ajiye shi, kuma abin da aka buga a littafi ɗalibi zai haddace shi, ya rubuta a jarrabawa, wata rana ya koyar da shi.

Shiga da Cika

Tun kafin mu leƙa ƙasashen Turai, harshenmu ya riga ya raba gardamar da kalmomi biyu. Idan muka ce mutum ya shiga shekara arba'in, mun san talatin da tara ce a bayansa, yana cikin ta arba'in ɗin bai gama ta ba. Idan muka ce ya cika arba'in, to arba'in ɗin gaba ɗaya tana bayansa. Haka jariri, ranar da aka haife shi yana cikin shekararsa ta farko, amma ba wanda zai ce yana da shekara ɗaya sai watan haihuwarsa ya zagayo.

Mu ɗauki azumi. Mukan ce goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin salla. Goman farko daga ɗaya ga wata ne zuwa goma, ta tsakiya daga sha ɗaya zuwa ashirin, ta ƙarshe kuma daga ashirin da ɗaya. Duk mai shiga i'itikafi ya san daren ashirin da ɗaya ake nufi da farkon goman ƙarshe, ranar ashirin kuwa cikon goman tsakiya ce. Haka mai awon hatsi a kasuwa, idan an ce ya zuba kwano ɗari, ba zai ɗaure bakin buhu a kan casa'in da tara ba, kuma kwano na ɗari ba na buhu na gaba ba ne. Ko karin maganarmu ma ya faɗa: ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Goma ita ce ciko.

To lambar shekara a kalanda irin ta "shiga" ce. Da aka ce 1900, ana nufin ana cikin shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara, ba ta cika ba sai daren ƙarshe na Disambarta. Saboda haka ƙarni na 1 ya kama daga shekara ta 1 zuwa ta 100, na 2 daga 101 zuwa 200, a bi su a haka har ƙarni na 19 ya zama 1801 zuwa 1900, na 20 ya zama 1901 zuwa 2000, na 21 ya fara ranar 1 ga Janairun 2001. A wannan rana ce kuma aka shiga zango na uku na shekara dubu. Dalilin da ya sa 1804 ta faɗa ƙarni na 19 ke nan: ɗari goma sha takwas sun cika sun wuce, an ci shekara uku da 'yan watanni cikin ɗari ta sha tara. Dattijon nan shi ne mai gaskiya.

Amma da a ce maganar ta tsaya a lissafi kawai, da ba a shafe fiye da shekara ɗari uku ana yin ta ba.

Inda Aka Samo Shekara ta Ɗaya

Lissafin da muke kira Miladiyya ba a zamanin Annabi Isa (AS) aka fara shi ba. Mutanen daular Rum suna ambaton shekara ne da sunayen manyan hakiman da aka naɗa a cikinta, ko da shekarun sarautar sarki. Sai a shekarar 525 wani malamin coci da ke zaune a birnin Rum, mai suna Diyonisiyus, ya zauna tsara jadawalin ranakun bikin Ista. Jadawalin da ya tarar yana ƙirga shekaru ne daga hawan Sarki Diyokilishiyan a 284, sarkin da ya yi ƙaurin suna wajen gallaza wa Kirista. Diyonisiyus bai so a ci gaba da raya sunan azzalumi ba, sai ya ɗauko lissafi daga haihuwar Annabi Isa bisa nasa ƙiyasin. Shekarar da za ta zama ta 248 a lissafin Diyokilishiyan ya kira ta 532.

Ba a karɓi wannan tsari nan take ba. Wani malamin coci na Ingila mai suna Bede ya yi amfani da shi a littafin tarihinsa na 731, daga nan ya riƙa yaɗuwa sannu a hankali, har ƙasar Fotugal ba ta koma kansa ba sai 1422. Wato mutanen da suka rayu a shekara ta 100, ko ta 300, ba su taɓa sanin sunan shekararsu ke nan ba, balle su yi bikin sabon ƙarni.

Abu biyu ya kamata mu lura da su a aikin Diyonisiyus. Na farko, masana tarihi da yawa suna ganin ƙiyasinsa bai daidaita ba, domin ruwayar Linjila ta sa haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, shi kuwa Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. Idan haka ne, shekara dubu biyu da haihuwar ta cika tun kafin 2000, ba tare da an buga ko ganga ɗaya ba. Na biyu, lissafin ba shi da shekarar sifiri. Daga shekara ta 1 kafin Miladiyya sai a tsallaka shekara ta 1 Miladiyya. Wasu sukan ɗora laifin a kan cewa lambobin Rumawa ba su da sifiri, kuma gaskiya ne ba su da shi. Malamin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin sifiri a 628, Alkawarizmi ya yi bayanin lambobin Indiya a Bagadaza a ƙarni na 9, sannan Fibonacci, wanda ya koyi lissafi a garin Bijaya na Aljeriya, ya gabatar da su ga Turawa a littafinsa na 1202. Kalmar "sifiri" da muke faɗa ma daga Larabci muka aro ta. Sai dai mu a ganinmu ko da Diyonisiyus ya san sifiri, da wuya ya sa shi, domin ba a cewa sarki yana shekarar sifiri ta sarautarsa, kamar yadda ba a cewa sifiri ga wata. Masu nazarin taurari ne, da bukatar lissafi ta matsa musu, suka ƙirƙiro shekarar sifiri don aikinsu, kamar yadda Bafaranshe Jacques Cassini ya yi a 1740, amma kalandar jama'a ba ta bi su ba.

Rigimar Turawa

Yanka tarihi ɗari-ɗari ma sabon abu ne a wurin Turawa. Ya kankama ne bayan wasu malaman Jamus a birnin Magdeburg sun wallafa tarihin coci tsakanin 1559 da 1574, suka ware wa kowace shekara ɗari kashi guda. Da mutane suka saba da kallon kansu a matsayin 'yan ƙarni kaza, sai tambayar ranar da ƙarni yake ƙarewa ta zama abin damuwa. An yi ta musayar ƙasidu a kanta a Faransa wajen 1699 da 1700. A ƙarshen Disambar 1799 jaridar The Times ta Landan ta tsaya kai da fata cewa ƙarni na 19 ba zai fara ba sai 1801, har ta nuna gajiyarta da masu musun.

Da aka zo 1900, sai Turai ta rabu. A Jamus, Sarki Wilhelm na II da hukumarsa suka zartar cewa ranar 1 ga Janairun 1900 ce farkon ƙarni na 20, aka yi bukukuwa a hukumance. A Ingila da Amurka kuwa yawancin jaridu da malamai suka jira 1901. Ga mu nan ƙasar, wannan rana ta 1 ga Janairun 1900 tana da wani nauyi dabam, domin a ranar ce a Lakwaja aka sauke tutar Kamfanin Neja aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya shelanta mulkin Turawa a kan Arewa, alhali Kano da Sakkwato ba su ma san ana yi ba. A lissafin kalanda wannan shela ta faɗo ne a shekarar ƙarshe ta ƙarni na 19.

A 1999 kuwa masu lissafi sun sha kaye. Cibiyar nazarin taurari ta Girinwic a Ingila da takwararta ta sojan ruwan Amurka sun bayyana cewa 2001 ce farkon sabon zango, marubuci Arthur C. Clarke, wanda ya sa wa littafinsa na 1968 sunan shekarar 2001, shi ma ya yi ta nanata haka, ƙasar Kyuba kuma ta jinkirta nata bikin. Duk da haka duniya ta yi shagalinta a daren shiga 2000. Ƙasar Kiribati da ke tekun Fasifik har sauya wa wani tsibirinta suna ta yi don a san yana cikin wuraren da za su fara ganin hantsin ranar. Ga kuma fargabar da aka shiga game da kwamfuta, saboda tsofaffin manhajoji da yawa suna rubuta shekara da lamba biyu ne kacal, aka ji tsoron za su ɗauki 00 a matsayin 1900. Wannan matsala kam ta 2000 ce, ba ruwanta da 2001.

Kada mu yi saurin yi wa masu bikin dariya. Abin da ido ya gani shi ne lambobi huɗu sun juye a dare ɗaya. Mu ma bakinmu ya shaida, domin tun tasowarmu muke cewa "alif da ɗari tara da kaza", rana ɗaya aka wayi gari sai "dubu biyu". Sabo ya sa har yanzu akan ji wasu suna cewa "alif dubu biyu da kaza", alhali alif ɗin ita ce dubu, ka ga sun tara dubu uku ke nan ba su sani ba. Mutanen Habasha ma, waɗanda kalandarsu take bayan Miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas, da tasu 2000 ta kama a ranar 12 ga Satumbar 2007, a ranar suka yi babban bikinsu, ba su jira 2001 ba. Zuciyar ɗan Adam tana son lamba mai sifirai.

Lissafin Hijira da Kan Ƙarni

Mai karatu zai iya cewa wannan duk rigimar Nasara ce. To ai namu lissafin ma haka yake. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA), wajen shekara 17 bayan hijira, aka ga takardun mulki suna zuwa da sunan wata ba shekara, har a rasa ko Sha'aban ɗin bana ake nufi ko na bara. Sahabbai suka yi shawara, aka tsayar da hijirar Manzon Allah (SAW) a matsayin mafari. Hijirar kanta a watan Rabi'ul Awwal aka yi ta, amma aka ja farkon shekara baya zuwa Muharram, wanda ya dace da watan Yulin 622. Shekarar da aka yi hijira a cikinta ita ce ta 1. A nan ma babu sifiri, saboda haka ƙarni na 1 ya ƙare da ƙarewar shekara ta 100, ƙarni na 15 da muke ciki kuma ya fara da Muharram na 1401, wato Nuwamban 1980.

Sai dai a wurin Musulmi wannan tambaya ta wuce ta biki, domin akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, mai nuna cewa a kan kowace shekara ɗari Allah yana tayar wa al'umma wanda zai jaddada mata addininta. Malamai sun tattauna ko "kai" a nan farkon ɗarin ake nufi ko ƙarshenta, da yawansu kuma suka rinjayar da ƙarshe, wato mutumin da ɗari za ta cika yana raye, ana amfana da shi. Shi ya sa aka lissafa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi halifanci daga 99 zuwa 101, a matsayin mujaddadin ƙarni na 1, Imam Shafi'i da ya rasu a 204 na ƙarni na 2, Imam Gazali da ya rasu a 505 na ƙarni na 5. Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 911, ya fito fili ya nuna fatansa na zama mujaddadin ƙarni na 9.

Wannan Suyuɗin, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rayu a lokacin da tsoro ya fara kama mutane cewa duniya ba za ta wuce shekara ta 1000 bayan hijira ba. A 898 ya rubuta ƙasida yana kwantar da hankali cewa al'umma za ta haye dubu, ko da yake ya yi hasashen ba za ta wuce 1500 ba. Shekara ta 1000 ta kama a watan Oktoban 1591. Watanni kaɗan kafin nan, a Maris na 1591, cikin 999, rundunar Maroko ta karya daular Songai a yaƙin Tondibi, mu ƙaddara yadda malaman Tambutu suka ji da wannan dacewa. A can Indiya Sarki Akbar ya sa aka rubuta babban littafin tarihin shekara dubu, daga baya kuma aka yi wa Shaihu Ahmad Sirhindi laƙabi da mujaddadin dubu ta biyu. Dubu ta zo ta wuce, rana ta ci gaba da fitowa daga gabas.

Shekara ta 1200 ta kama a Nuwamban 1785, lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara talatin da ɗoriya, ya yi fiye da shekara goma yana yawon wa'azi. Wannan dacewa tana cikin abin da ya ƙarfafa wa jama'arsa zuciya cewa shi ne mujaddadin zamani, sunan da ya bi shi har yau. Wasu ma sun zarce sun ce shi ne Mahadi, shi kuwa ya rubuta ƙarara cewa ba shi ba ne. A nan akwai wurin da marubuci zai yi hattara. An haifi Shehu a 1168, cikin ƙarni na 12 na Hijira, ya yi hijira zuwa Gudu a 1218, ya rasu a 1232, duk biyun cikin ƙarni na 13. Wanda ya ce mujaddadin ƙarni na 12 ne yana kallon ɗarin da ta cika yana wa'azi, wanda ya ce na 13 yana kallon ɗarin da ya yi jihadi a cikinta. Sai marubuci ya faɗi wanne yake nufi.

Da 1300 ta gabato, sai zukata suka sake tashi. A 1881, wato 1298, Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan, garin Al'ubayyid ya faɗa hannunsa a Janairun 1883 ana cikin 1300, Hartum kuma ta bi baya a 1885. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda ta ƙasar Adamawa, jama'a da dama suka karkata gabas. Shekara ɗari bayan haka, da asubahin 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga Nuwamban 1979, Juhaiman Al'utaibi da mutanensa suka mamaye Masallacin Harami na Makka da makamai, suna cewa Mahadi ya bayyana a cikinsu. Aka shafe kusan mako biyu ana artabu, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Sun zaɓi ranar ne don ganin sabon ƙarni ya kama, alhali a lissafi saura shekara guda cur ƙarni na 14 ya cika. Ga inda sha'awar lamba mai sifirai ta kai wasu. Shekara ta 1500 za ta kama wajen ƙarshen 2076, kuma ba mamaki a sami masu tono hasashen Suyuɗi su tsorata jikokinmu da shi. Gara mu bar musu a rubuce cewa sanin Sa'a na Allah ne shi kaɗai, kuma an yi irin wannan a 1000 da 1300 da 1400.

Wani abin lura shi ne ƙarnin Hijira bai kai na Miladiyya tsawo ba. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka shekara 33 ta Hijira daidai take da kusan 32 ta Miladiyya, ɗari kuma kusan 97. Ƙarni na 13 na Hijira ya kama daga 1786 zuwa 1883, na 14 daga 1883 zuwa 1980. Wanda yake ɗora 622 a kan shekarar Hijira don ya sami ta Miladiyya zai yi kuskuren shekara arba'in da wani abu idan ya zo zamaninmu. Mai nazarin tsofaffin waƙoƙinmu na ajami, waɗanda mawallafansu suke rufe su da ramzi, wato haruffan da jimlar lissafinsu take ba da shekarar da aka yi waƙar, dole ya riƙe wannan.

Maganar Gomiya

Game da shekaru goma-goma, a nan sai mu sassauta. A ƙarshen 2019 an sake ɗan taɓa musun, ko sabuwar gomiya ta kama da 2020 ko sai 2021. Amsar ita ce ya danganta da sunan da aka kira ta. Idan muka ce "shekarun 1980", muna nufin shekarun da lambarsu ta fara da 198, daga 1980 zuwa 1989, kuma ba laifi a ciki, domin ba mu ce gomiya ta kaza daga farkon lissafi ba. Haka wanda ya ce "shekarun 1800" yana nufin 1800 zuwa 1899, ya yi daidai. Amma idan muka jera su muka ce gomiya ta farko ta ƙarni na 21, to 2001 zuwa 2010 ke nan, kamar goman azumi. Matsala tana zuwa ne idan aka gwama salon biyu a jimla ɗaya. Bikin cika shekaru kuwa ba shi da wannan rikici, tun da daga ranar da abu ya faru ake ƙirgawa. Shi ya sa bikin cikar daular Sakkwato shekara 200 a 2004, da na cikar haɗe Arewa da Kudu shekara 100 a 2014, duk suka zo a kan kari.

Ƙarnin Kalanda da Ƙarnin Tarihi

Kakanninmu ba da ɗari-ɗari suka riƙa yanka zamani ba. Kalmar "ƙarni" kanta, a Larabcin da muka aro ta, tana nufin mutanen zamani ɗaya, malaman lugga kuma sun saɓa a kan tsawonsa, wasu suka ce arba'in, wasu tamanin, wasu ɗari. Littafin Tarihin Kano sarakuna yake jerawa da yawan shekarun kowa a gadon sarauta. Shekarar 999 da muke haddacewa ta hawan Bagauda, da 1463 zuwa 1499 na Muhammadu Rumfa, lissafi ne da H. R. Palmer ya fitar a fassararsa ta 1908 ta hanyar tara shekarun sarauta yana komawa baya, don haka ƙiyasi ne. Talakawa kuma da abin da ya same su suke awo. Tsohuwa za ta ce an haife ta bayan yunwar Kakalaba, wato ta 1913 zuwa 1914, ko shekarar 'Yar Gusau, ko shekarar zuwan Sarauniya a 1956. Na bayansu su ce shekarar canjin hannu, 1972, ko ta canjin kuɗi, 1973.

Wannan hanya tana da hikimar da kalanda ba ta da ita, domin zamani ba ya sauyawa don lamba ta juya. Masanin tarihin Ingila Eric Hobsbawm ya ɗauki ƙarni na 19 na Turai daga 1789 zuwa 1914, na 20 kuma daga 1914 zuwa 1991, bisa abubuwan da suka faru. Mu ma idan muka ce "ƙasar Hausa a ƙarni na 19", abin da ke ranmu shi ne daga hijirar Gudu a 1804 zuwa faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903. Haka yake a adabinmu. Zamanin ƙagaggun labarai na boko ya buɗe ne da gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, tare da Jiki Magayi da ya fito a tsakaninsu. Guguwar littattafan da matasa suka riƙa bugawa da kansu a Kano, wadda akan jingina wa shekarun 1990, ta taso tun tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya tilasta wa tarihin adabi shiga akwatunan goma-goma zai yanke wa wasu marubuta ƙafa don su shiga.

Kammalawa

Abin da muke roƙon 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, bai fi huɗu ba. Idan za a ambaci ƙarni da lamba, a ɗauki lambobi biyu na farkon shekara a ƙara ɗaya, sai fa shekarar da ta ƙare da sifiri biyu, ita cikon ƙarninta ce: 1804 ƙarni na 19, 1900 ma ƙarni na 19, 1901 ƙarni na 20. Idan za a ambaci ƙarni a maganar malamai da sarakunanmu na da, a faɗi ko na Hijira ne ko na Miladiyya, domin ƙarni na 13 na wannan ya yi nisa da na wancan da fiye da shekara ɗari biyar. Idan shekarar ƙiyasi ce, a sa "wajen" ko "kimanin" a gabanta. Idan kuma an san shekarar takamaimai, a rubuta ta, ta fi kowane "farkon ƙarni" amfani ga mai karatu.

Shi kuwa matashin da ya jawo wannan magana, ya gyara jimlarsa. A zama na gaba ya sake karanto babin, ya cire ƙarnin gaba ɗaya, ya ce an yi yaƙin ne da faɗuwar damina, wata huɗu bayan hijirar Shehu zuwa Gudu, shekarar 1804. Dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa ɗana, ci gaba." Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, amin.